Abin da masu injin CNC a Damagaram suka ce kan jinkirin kwamfuta

Masu sassaƙa ƙofofi da masu yankan ƙarfe a Zinder sun tattauna kan injin CNC, wato injin yanka da sassaƙa da kwamfuta ke sarrafawa, idan yana tsallake taki yana ɓata aiki. Yawancinsu sun ce kafin a zargi motar da ke juya injin, a duba kwamfutar. Ita ke aika wa motar bugun lantarki dubbai a daƙiƙa guda, in ta makara ko kaɗan sai layi ya karkace.

Shawarar da aka fi nanatawa: mai amfani da LinuxCNC, manhajar da ke sarrafa injin, ya kunna gwajin jinkirin da ke cikinta, ya bar shi sa'o'i, yana buɗe intanet, yana kwafar manyan fayil, don a ga mafi munin lamba. Ƙasa da mikrosakan 20 (mikrosakan shi ne ɗaya bisa miliyan na daƙiƙa), madalla. Daga 30 zuwa 50 injin zai yi aiki, amma ba gudu. Ta wuce 100, to kwamfutar ba ta dace da aika bugun da kanta ba.

Kwamfutar tafi-da-gidanka kuwa, kusan kowa ya ce a bar ta, tsarin tattalin batirinta ne ke jawo tsaiko. A ta tebur ma a shiga BIOS, wato saitin tushe na kwamfutar, a kashe tattalin wuta. Wayar da ke mayar da USB zuwa tsohuwar kafar firinta, wadda bugun ke bi zuwa injin, asarar kuɗi ce.

Wani ya tuna da ƙurar hunturu da zafin bazara: fanka ta toshe, kwamfuta ta rage gudu da kanta. A riƙa hure ta.

An ɗan yi gardama kan katin lantarki irin na kamfanin Mesa, mai ɗauke wa kwamfuta aikin bugun. Wasu na kukan tsada. Ni dai ina ganin katakon da ake ɓatawa ya fi shi tsada.