Tokar Falgore a Ruwan Tiga

'Yar Masunta, daren Asabar:
Salamu alaikum 'yan zaure. Jiya na biyo hanyar Jos zuwa Kano, hayaƙi ya tsaya a kan dajin Falgore tun la'asar har duhu. Abin ya hana ni barci.

Na ratsa Falgore da yammaci,
Wuta ta kama gindin maɗaci,
Marke da kirya sun sha ɗaci,
Abin da ya saura sai toka.

Gada ta ruga, zomo ya tsere,
Bushiya ta dunƙule a cikin tsaure,
Kunkuru na ja, wuta ta tare,
Ya dahu a ƙoƙonsa ba kuka.

Wai duk don gafiya guda ɗaya
Aka cinna wuta a bakin hanya,
Maharbi, ina kunya, ina gaskiya?
Rami ake bi da haƙa, ba hauka.

Jikan Sarkin Baka:
Ƙanwata, kin yanke hukunci ba ki ji ta bakinmu ba.

Ke 'yar masunta, riƙe komarki,
Dawa ba tafki ba ce, ja bakinki,
Ta tagar mota kika yi mamaki,
Kika ɗora laifin kan 'yan baka.

Kakana bai san farautar ashana,
Da sawu yake bi dare da rana,
Je ki tambayi mai zuma da mai gona,
Da direban da ke jefa abin zuƙa.

Mai shanu kuwa ai shi ne gwani,
Yana ƙona tsohuwar ciyawa da rani
Don toho ya fito, kowa ya sani,
Sai mu ake zagi, mu ake duka.

Goggon Zaure:
Allah ya ja da ran jikan maza! Baitin ashanar nan ya zauna daram. 'Yata, yau kin taɓo gidan rina.

Ɗan Ruga, daga Bermo:
Tunda an ambaci mai shanu, ga ni. Mu nan arewacin Maraɗi, ciyawar da damina ta bari ita ce abincin dabbobinmu har wata daminar.

Maharbi, ka harba ka kuskure,
Kibiyarka ta faɗa bayan zaure,
Wa ke ƙona rumbunsa ya daure?
Ciyawa ce hatsin da ba ma daka.

Toho sai kudu mai ƙasa a jiƙe,
A Bermo in ta ci, magana ta yanke,
Ƙarangiya da irinta sun babbake,
Har damina saniya na lasar toka.

Shi ya sa muke share hanyar tare wuta,
Mu kankare ciyawa, fili mu bar ta,
Gadabeji na kusa, raƙuman dawa na cikinta,
Waɗanda daga Kure aka ɗauka.

A 2018 aka kawo raƙuman dawa guda takwas daga Kure, kusa da Yamai, zuwa gandun Gadabeji. Ganyen itace suke ci, wuta kuwa 'yan tsiron itace take fara kashewa.

Malam Mai Sikeli:
A yi mini afuwa in tsoma baki. Ɗan Ruga, ɗango na uku a baitinka na ƙarshe gaɓa goma sha shida ne, ya fi 'yan'uwansa nesa ba kusa ba. Kai kuma Jika, ka haɗa "zuƙa" da "baka" a babban amsa-amo.

Baiti awo ne kamar na tiya,
In ta yi tozo ta zube a hanya,
Ƙa da ka ba sa kwana ɗaki ɗaya,
Gyara zuƙa kafin ka ja baka.

Jikan Sarkin Baka:
Allah ya gafarta Malam, daji na ci kana ƙirga gaɓa? Mai kiɗan komo da ke yi wa kakana kirari bai taɓa jin sunan karin waƙa na Mutadarik ba, kuma maza na jin sa su miƙe.

Malam Mai Sikeli:
Wancan waƙar baka ce, kiɗa ke rufa mata asiri. Wannan rubutacciya ce, ɗana, ido ke karanta ta.

Ɗan Ruga:
Sunan Gadabeji gaɓa huɗu ne, Malam. Ba zan gutsure shi don ya shiga sikeli ba.

Goggon Zaure:
Malam dai ba ya son ganin Jika ya yi fice. Duk zauren nan wa ya kai shi zaƙin baki?

Malam Mai Sikeli:
Hajiya, zaƙin baki daban, kari daban. Ko ɗiyarki da ta buɗe zaure, "tsere" da "tsaure" na kyale mata ne.

Ɗalibin Gandun Daji:
Iyayena, mun bar wuta tana ci. Ni ban iya waƙa sosai ba, amma ga abin da muke karantawa:

Wutar Nuwamba, ciyawa na da ɗanye,
Raɓar dare kan sa ta ta janye,
Wutar Maris kuwa komai ta cinye,
Furen kaɗanya da ƙaramar shuka.

Shi ya sa ma'aikatan gandu kan sa wutar farko da gangan, a tsittsinke, don ta baya ta rasa abin ci. Babban itace mai kaurin ɓawo yakan tsira, ƙananan da za su gaje shi ne ke tafiya. Kuma ba mu kaɗai ba ne. A gobarar Ostiraliya ta 2019 zuwa 2020, masana sun ƙiyasta dabbobi kusan biliyan 3 ta kashe ko ta raba da mazauninsu, mafi yawansu masu jan ciki irin ƙadangaru. Da ruwan sama ya sauka a farkon 2020, toka ta gangara kogin Macleay, kifi ya yi ta mutuwa.

Goggon Zaure:
Ina 'Yar Masunta ta shige ne? Ko kibiyar Jika ta same ta?

'Yar Masunta, ranar Talata:
Goggo, ina nan. Na je gida bakin Tiga ne, can kuwa waya ba ta kamawa sai an hau tudu. Yaya maharbi, ka ce dawa ba tafki ba ce. Tun da aka datse kogin Kano aka yi madatsar Tiga a 1974, duk abin da Falgore ta zubar gabanmu yake tsayawa.

Yaya, ka ce mini in riƙe koma,
Na riƙe, ga abin da na ciro ma,
Baƙin taɓo ne ya cika ta har sama,
Saƙon da ka aiko daga dajinka.

Kogin Kano ta Falgore ya ratso,
Ruwan fari in ya sauka ya kwaso,
Ƙasar da ba ciyawa ya yaso,
Ya juye a Tiga, ruwan shanka.

Ruwa ya yi duhu, ya ɗau zafi,
Ba inuwar da ya saba a bakin rafi,
Laka ta toshe numfashin kifi,
Karfasa ta taso sama tana shaƙa.

Toka a gona tana gyara dawa,
A tafki gansakuka take ciyarwa,
In ta ruɓe, iskar ruwa ke ƙarewa,
Tarwaɗa kaɗai ke jure wannan harka.

Ana ce gobara daga kogi sai Allah,
Tamu ta tudu ce ta gangaro, wallah,
Baba ya ja taru tun bayan sallah,
Bai sami na miya ba balle zakka.

Malam, na ga ƙa ɗin "shaƙa". Na nemi wata kalma, ban sami wadda ta kai ta faɗin abin da idona ya gani ba.

Ɗan Ruga:
Zafi, rafi, kifi! Yarinya, Allah ya yi miki albarka.

Goggon Zaure:
Kai! Wannan 'ya tawa ce tun asali.

Ɗan Ruga:
Goggo, shekaranjiya gidan Jika kika kwana.

Malam Mai Sikeli:
Ɗiyata, na bar miki ƙa ɗinki, ban da ta Jika. Kunkurunki ne ya tsaya mini a rai.

Manzo ya ga gidan tururuwa an ƙona,
Ya ce azaba da wuta an hana,
Sai Mai wutar, Sarkin da ya yi rana,
Balle dawa guda da duk halittar cikinta.

Jikan Sarkin Baka:
Malam, ina amsa-amon ɗangon ƙarshe ya tafi?

Malam Mai Sikeli:
Ya karye, na gani. Zan gyara.

Jikan Sarkin Baka, daren Laraba:

Ƙanwata, zafi da rafi sun kama ni,
Masu ashanar nan na san su, sun san ni,
Yaranmu ne, 'yan farautar rani,
Zan kai maganar gaban Sarkin Baka.

Amma ki faɗa wa masu zuba guba,
Da masu taru mai idon allura, a duba,
Ba toka kaɗai ke kashe kifi ba,
Ku ma a ruwa kuna da naku hauka.

Ɗan Ruga, hanyar tare wutar nan da kuke sharewa, taku nawa ne faɗinta, kuma a wane wata kuke farawa?