Maigidana numfashinsa na ɗaukewa a barci, shin agogon AI zai taimaka?

Assalamu alaikum ƴan uwa, admin don Allah a ɓoye sunana. Ina zaune a Hotoro, maigidana direba ne yana jigilar fasinja Kano zuwa Kaduna. Minshari dama ya daɗe yana yi har na saba, amma yanzu abin ya canza salo, sai yana cikin minsharin ki ji ɗif kamar an kashe rediyo, ƙirjin na motsi amma iska ba ta shiga, can sai ya yi wani irin gurnani ya zabura ya ci gaba da barcinsa, da safe in na faɗa masa ya ce shi bai san an yi ba. Kullum da ciwon kai yake tashi, ga hawan jini, kuma yaron motarsa ya tsegunta min cewa yana gyangyaɗi a sitiyari. Ƙanina da ke karanta kwamfuta a BUK ya ce akwai agogon hannu mai AI, wato ƙirƙirarriyar basirar kwamfuta, da ke gane irin wannan ciwon har ya sanar da mutum kafin abin ya zo. Ina da ɗan kuɗin adashi da zan ɗauka, in saya masa ne ko ɓarnar kuɗi ce? Wanda ya sani ya taimaka min.

Maman Hanifa: Wa alaikumus salam. Baiwar Allah anya ba dannau ba ne? A dage da azkar ɗin kwanciya da ayatul kursiyyu, Allah ya yaye.

Abu Sadik: Beli ne ya yi tsawo, a kai shi wurin wanzami a cire kawai, kawuna haka aka yi masa.

Sista Nas: Abu Sadik don girman Allah a'a. Ana zuwa mana da masu zubar jini da waɗanda wurin ya ruɓe bayan an yanke beli a gida, kuma toshewar ba lallai daga belin take ba. Maman Hanifa addu'a kam ba a barinta, amma shi dannau mutum yana farke ne ya kasa motsi kuma yana tuna komai, wannan kuwa bai ma san ana yi ba. Abin da ta kwatanta ya fi kama da wanda likitoci ke kira silif afniya, wato naman maƙogwaro ya saki a barci ya toshe hanyar iska. In numfashi ya tsaya daƙiƙa 10 ko fiye ana ƙirga shi ɗaya, sai a duba sau nawa a awa. Daga 5 zuwa 15 mai sauƙi ne, 15 zuwa 30 matsakaici, ya haura 30 ya yi tsanani. Yana tayar da hawan jini sosai, har maganin ya riƙa ƙin ji. Ni gyangyaɗin sitiyarin nan ne ya fi ɗaga min hankali, ran fasinja ne a hannunsa.

Injiniya Ɗan Zoo Road: Anti bari in yi bayanin ɓangaren agogon don aikina ne. Ƙaninki bai yi ƙarya ba amma ya ɗan ƙara gishiri. Yadda abin yake, ana tara bayanan barcin mutane masu yawa da aka kwantar a ɗakin gwaji, likitoci sun riga sun yi alama a duk inda numfashi ya yanke, sai a loda wa kwamfuta ta yi ta bi har ta koyi yadda motsin jiki da bugun zuciya da iskar oksijin ta cikin jini suke canzawa a wannan lokacin, shi ne ake ce wa koyon inji. In aka sa abin da ta koya a agogo sai ya riƙa kwatanta barcin mai shi da waɗancan. Samsung sun samu izinin FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, a watan Fabrairun 2024, nasu yana son barcin dare 2 na sama da awa 4 a cikin kwana 10. Apple suka samu a Satumbar 2024, nasu motsin wuyan hannu yake bi kuma sai ya tara bayanan kwana 30 kafin ya ce uffan. To kin ga ai ba wai zai tashe shi ƙarfe biyun dare ya ce ga shi nan zuwa ba, abin da zai ce kawai shi ne akwai alama, je ka ga likita. Ke kuma kin riga kin ga alamar da idonki kyauta. Sannan ba kowane samfuri ne ke da tsarin ba kuma ba kowace ƙasa aka buɗe wa ba, balle waɗannan masu arhar da ake zubawa a tebur, su lambobi kawai suke nunawa.

Ummu Khalil: Injiniya to manhajojin waya masu sauraron minshari fa? Ni ina da SnoreLab.

Injiniya Ɗan Zoo Road: Suna da amfani wajen nuna wa likita sauti, amma ki tuna ɗakunanmu, ga fanka ga janareton maƙwabci ga yaro na kuka, duk makirfon zai kwasa. Akwai kuma wani abu da ya shafe mu kai tsaye, na'urar auna iskar jini da haske take aiki, kuma wani bincike na jami'ar Mishigan a 2020 ya nuna ta fi kuskure a baƙar fata, tana nuna lamba mai kyau alhali iskar ta yi ƙasa, kusan ninki uku in aka kwatanta da farar fata. Shi ya sa in agogo ya yi shiru ba na ɗaukarsa shaidar lafiya.

Alhaji Na Kwari: Hajiya ni mai ciwon ne. Injin CPAP nake kwana da shi, takunkumi ne da ke hura iska ya hana maƙogwaro rufewa. Nawa mai sarrafa kansa ne, da ya ji iska ta fara matsewa sai ya ƙara ƙarfi tun kafin ta toshe gaba ɗaya, in akwai abin da ke hango matsalar kafin ta zo to shi ne, kuma yana ajiye lissafin kowane dare a ɗan kati likita ya duba ya gyara saiti. Farkon sa shi akwai takura ba zan ɓoye miki ba, ga tsada, ga maganar wuta, sai da na haɗa da batirin sola. Amma barcin rana a shago ya tafi.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. To yanzu ina zan fara? Don mutumin nawa da taurin kai, cewa yake gajiya ce kawai.

Sista Nas: Ki ɗauki bidiyonsa yana barci na minti kaɗan, ki tabbata an ga lokacin da ya ɗauke da lokacin da ya zabura, ki nuna masa da safe cikin lalama, maza da yawa sai sun gani suke yarda. Ku je asibitin Malam Aminu Kano ko na Murtala, ku fara da likitan da ke duba hawan jininsa ku nuna bidiyon, shi zai tura ku ɓangaren ƙirji ko na kunne hanci da maƙogwaro, ku kuma tambayi inda ake gwajin barci. Kafin nan ya riƙa kwanciya ta gefe, rigingine na ƙara toshewar, in da ƙiba a fara ragewa, kuma kar ya kuskura ya sha ƙwayar barci irin su baliyam daga kemis, ƙara sakin maƙogwaron take. Tuƙin dare da doguwar tafiya ya ba wani har likita ya gan shi. Kuɗin adashin ki riƙe su don gwajin.

Alhaji Na Kwari: In ya ƙi jin taki ki yi wa admin magana ya haɗa mu, ya zo shago ya ga injin da idonsa mu yi magana ta maza.