Neman shawara: in sa wa 'yan gidan kallona wannan tsohon fim ɗin ko in haƙura?

Mai Gidan Kallo, Agege:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar fim, da kuma manyanmu da suka daɗe a garin nan.

Ina da ɗan gidan kallon ƙwallo a Agege. Kowa ya san yadda sana'ar take, da an rufe Firimiya a watan Mayu sai kuma Agusta. Ga damina, ga rashin ciniki, mai gida kuwa ba ruwansa da hutun 'yan wasa. Abin da muka saba shi ne a sa fim ɗin Indiya mai fassara ko na faɗa, a karɓi abin da zai sayi fetur. Bana nake so in ware dare ɗaya a mako in riƙa sa wani abu daban.

Wanda ke raina sunansa Peeping Tom, na Ingila ne, ya fito a 1960. Labarin wani saurayi ne a Landan, Mark Lewis, mai aikin saita kyamara a kamfanin fim. Shiru-shiru ne, ga kunya, in ka gan shi sai ka ba shi ajiyar kuɗinka. Amma yana kashe mata da wata wuƙa da ya ɓoye a ƙafar kyamararsa, yana ɗaukar hoton fuskarsu a daidai lokacin da tsoro ya kama su, ya koma ɗaki ya zauna yana kallo. Can a tsakiya za ka gano mahaifinsa masanin halayyar ɗan Adam ne da ya mai da shi abin gwaji tun yana yaro. Yakan jefa masa ƙadangare a gado cikin dare don ya ɗauki hoton firgitarsa.

Tun da na kalla yake min yawo a kai. To amma masu zuwa wajena mahauta ne da 'yan dako da 'yan acaba da masu gadi. Fim ɗin ba gudu, ba faɗa, Turanci ne zalla, kuma akwai wurin da ba zan so a ce a ɗakina aka gani ba. In sa ne in riƙa fassara musu da lasifika, ko in rufa wa kaina asiri?

Baban Ummi, Oko-Oba:

Wa'alaikumus salam. Ƙanina, rufa wa kanka asiri. Ni ɗan gidan kallo ne tun kafin a san majigi a unguwa. Wanda ya wuni a tsaye a mayanka, in ya biya kuɗi ya zauna a benci, tambayarsa ta farko ita ce wane ne akta, wane ne bos. Kai kuma yadda ka ba da labarin nan, aktan shi ne bos ɗin. Wa za su goya wa baya? Kafin a yi rabi za ka ji ana cewa mai gida canza mana, na baya su fara neman kuɗinsu.

'Yar Fim, Akoka:

Yaya, ka taɓo min inda ke min ƙaiƙayi, don haka a yi haƙuri da tsawon rubutu.

Maganar Baban Ummi ita ce ainihin abin da ya faru da fim ɗin tun farko. Wanda ya ba da umarni, Michael Powell, ba ƙaramin mutum ba ne a lokacin. Shi da abokin aikinsa Emeric Pressburger suka yi The Red Shoes a 1948, Turawan Ingila suna alfahari da shi. Da Peeping Tom ya fito a Afrilun 1960, masu sharhi a jaridun Landan suka yi masa ca. Wani har ya rubuta cewa abin da ya dace shi ne a kwashe shi a zuba a magudanar ƙazanta. Daga nan samun aiki ya yi wa Powell wuya a ƙasarsa, sai da ya tafi Ostareliya ya yi fina-finai biyu a can.

Abin mamakin, watanni biyu bayan haka Alfred Hitchcock ya saki Psycho a Amurka. Shi ma saurayi ne mai kunya da ke kisa, shi ma tushen ciwonsa a gida yake. Amma shi ya kwashi kuɗi kamar me. To me ya raba su? Ba jini ba ne, don Peeping Tom kusan babu jini. A ganina wurin da aka zaunar da ɗan kallo ne. A Psycho kana jin tsoro tare da wadda za a kashe, kuma sai a ƙarshe kake sanin mai laifi. Shi kuwa Powell tun daga fitowar farko ya saka ka cikin idon kyamarar mai kisan. Kai ne ke bin matar nan a titi, kai ne ke hawa bene a bayanta. Sannan ya nuna maka Mark zaune yana kallon abin da ya ɗauka, kamar yadda kai ma kake zaune kana kallo. Ya kuma sa ka ji tausayinsa. Mutane sun ji kamar an nuna su da yatsa, kuma ba wanda ke biyan kuɗi don a tuhume shi.

Ƙari a kan haka, Powell da kansa ya fito a matsayin uban, ɗansa na cikinsa kuma ya fito a matsayin Mark yana yaro. Wannan ma ya tayar wa wasu da hankali.

Yadda ya farfaɗo kuwa, ba taron jama'a ne suka dawo da shi ba. Matasan daraktoci ne ɗaiɗai suka riƙa neman sa suna ba juna labari. Martin Scorsese ya sa hannu aka sake haska shi a bikin fina-finai na Niyok a 1979, kuma a 1999 Cibiyar Fina-finan Birtaniya ta saka shi cikin fina-finai 100 mafi daraja na ƙasar. Powell ya rasu a 1990, ya dai ga farkon wankin sunansa.

Shawarata Yaya, kada ka sa shi a daren da kowa zai shigo. Irin wannan fim ɗin mutanensa zaɓar su ake yi. Ka san su ai: wanda ke tsayawa bayan an tashi yana musu kan dalilin da ya sa koci ya canza ɗan wasa. Ka tara irin su, ka faɗa musu tun a waje abin da za su gani.

Alhaji na Idi-Araba:

'Yata kin yi bayani, Allah ya ƙara ilimi. Amma ni ba ta nan zan duba ba.

Ɗana, ka ce da bakinka akwai wurin da ba ka so a ce a ɗakinka aka gani. To me ya rage? Na tambayi yarona da ya san fim ɗin, ya ce saurayin yana ɗaukar hotunan mata marasa sutura a saman wani shago, kuma matar farko da ya kashe mai zaman kanta ce. A ƙasarsu ma a lokacin manya kawai aka yarda su shiga. Kai kuma gidan kallo, ka fi ni sani, almajirai da yaran maƙwabta ta ramin kwano suke leƙe. Yaro ɗaya ya je gida ya ba da labari, gobe maganarka tana gaban liman, jibi tana fadar Sarkin Hausawa. Mu nan baƙi ne komai daɗewarmu, mutuncinmu shi ne jarinmu.

Sannan ka sani haska fim ga jama'a a karɓi kuɗi yana da doka. Akwai hukumar tace fina-finai ta ƙasa, jihar Legas ma tana da tata, ga kuma haƙƙin masu fim ɗin. Don an saba yi ba a tambaya ba, ba shi ne ba za a taɓa tambaya ba, kuma ranar da wani ya kai ƙara da ita za a fara.

Ɗan Obalende:

Alhaji Allah ya ja kwana, maganarka dutse ce. Amma ni ina ganin 'yan gidan kallon nan sun fi Turawan 1960 fahimtar fim ɗin. Su a lokacinsu kyamara sai mai hali. Mu fa? A yi haɗari a kan gadar Third Mainland, ko a kama ɓarawo a Mile 12, kafin a sami mai kawo ɗauki an sami mutum ashirin da waya a sama. Da dare kuma mu ne a majalisa muna cewa turo min. Mark dai mahaukaci ne, uba ya lalata shi. Mu wa ya lalata mu? In an sa fim ɗin a yi wannan hirar bayansa, ni zan biyo jirgin ƙasa daga Oyingbo in zo.

Baban Ummi, Oko-Oba:

Ɗan Obalende, wa'azi kake so a yi, shi kuma bawan Allah kuɗin fetur yake nema. Ka san nawa lita ta koma tun da aka cire tallafi a 2023?

Mai Fassara, Alaba Rago:

Ni kan maganar lasifika zan tsaya, don na ɗan taɓa aikin. Malam, kada ka yi masa irin fassarar da muka saba. Salonmu na cike gurbi ne. In jarumi ya yi shiru sai mu sa masa magana a baki, mu jefa barkwanci, mu kira sunan unguwa a yi dariya. A fim ɗin Indiya yana tafiya. A nan kuwa shirun shi ne fim ɗin. Akwai inda Mark yake nuna wa yarinyar da ke haya a ƙasan gidansa, Helen, hotunan da ubansa ya ɗauke shi. Ba abin da kake ji sai ƙarar majigi da kiɗan fiyano da 'yan tambayoyinta. Ka yi barkwanci a nan, ka kashe shi.

In za ka yi, ka ba da labarin a taƙaice kafin a kunna, ban da ƙarshe. Sannan ka fassara wurare kaɗan, da murya ƙasa-ƙasa. Wanda bai kamata ya wuce ka ba shi ne zaman da ya yi da mahaifiyar Helen. Makauniya ce, kuma duk gidan ita kaɗai ta gane akwai abin da ke damun yaron nan, daga jin takunsa a sama da dare. Ta hau har ɗakinsa ta same shi, ta ce ya nemi taimako. Wannan wurin Bahaushe zai gane shi ko ba fassara, kowa yana da tsohuwa irin ta a danginsu.

Wurin tsiraicin gajere ne, kusa da ƙarshe. Ka kalla kai kaɗai ka rubuta mintin, in an zo ka tsallake. Ba zai rage labarin da komai ba.

Malamin Firamare, Mushin:

Me zai hana ka fara da mai sauƙi? Akwai The Night of the Hunter na 1955, shi ma an yi watsi da shi da ya fito, har mai ba da umarninsa Charles Laughton bai sake yin wani ba, yau kuma ana lissafa shi cikin manya. Robert Mitchum ne ya fito a mai wa'azin ƙarya da ya auri wata bazawara don dala 10,000 da mijinta ya ɓoye, ya kashe ta, ya bi 'ya'yanta biyu. Ba tsiraici, bos a fili yake, kuma wata tsohuwa ce da bindiga ta tsaya wa yaran. Baban Ummi ma zai zauna har ƙarshe. Illarsa dai baƙi da fari ne.

Hajiya Maman Sadiq, Agege:

Malam, fim ɗin naka zai fi karɓuwa, amma ka tuna inda muke. Mai wa'azin coci ne a ciki yana yanka mace. Gidan kallo a Agege ba Hausawa kaɗai ke shiga ba, akwai yaran Yarabawa da Ibo. Wani zai ce da gayya aka zaɓo. A yi hattara da wannan ma.

Kai kuma mai gidan kallo, ni tambayata ɗaya. Duk waɗanda ake kashewa a fim ɗinka mata ne, duk masu kallon kuma maza ne matasa. Kana da tabbacin kowa tausayi da tsoro zai fita da su? Wani shewa zai yi. Shi ya sa na fi yarda da 'yar Akoka, ka san wa ka gayyata.

'Yar Fim, Akoka:

Mama, wannan gaskiya ne, kuma shi ne abin da har yau ake muhawara a kansa. Ɗan ƙarin da na manta: wanda ya fito a Mark, Karlheinz Böhm, an san shi ne da fitowa a sarki mai kyan hali a fina-finan Sissi, shi ya sa fuskarsa ba ta kama da ta mugu. Daga baya ya kafa ƙungiyar agaji a 1981 ya ƙarar da sauran rayuwarsa yana yi wa mutanen Habasha aiki.

Mai Gidan Kallo, Agege:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Alhaji na ji, ba zan sa shi a daren jama'a ba, ba kuma zan karɓi ko kwabo ba. Zan kira waɗanda na san hankalinsu, duk magidanta, ranar Litinin bayan Isha, a rufe ƙofa, in toshe ramukan kwanon nan da Alhaji ya tona min asiri a kansu. Daren jama'a ya ci gaba da na Indiya, Baban Ummi ka kwantar da hankalinka.

Mai Fassara, in ba damuwa ka zo ka riƙe lasifikar, ni Turancin Ingila na wancan zamanin yana ba ni wuya, musamman maganar tsohuwar. Ɗan Obalende kai kuma ka taho da lita biyu, tun da kai ka fi kowa son a yi.