Zaren tsohon buhu cikin kankare: wa ya taɓa gwadawa?

Mai gini a Arkilla: Assalamu alaikum. Zan zuba daɓen tsakar gida, a ƙasa ne, ba dakin (rufin kankare na sama) ba. Birkilana ya ce a yayyanka tsofaffin buhunan shinkafa a zuba zaren cikin kwaɓi, wai yana hana tsagewa. Na riga na sayi siminti buhu 25, aiki ranar Asabar. In yarda ko in bari?

Ɗan Mabera: Wa alaikumus salam. Kada ka kuskura ka yi dakin babu rodi, rai ne a ƙasa.

Mai gini a Arkilla: Yallaɓai, daɓe na ce.

Mai shago a Runjin Sambo: Ɗan'uwa, ni anka yi ma wanga aiki bara. Watan Afrilu munka zuba, rana kamar ta fasa kai. Yaran ba su yanka zaren ƙanana ba, tsawon taƙi sunka watsa shi, ya dunƙule cikin kwaɓi kamar gashin da mata ka cirewa a mataji. Shebur ya ƙi shiga, sai sunka ƙara ruwa, sunka sake ƙarawa. Ina tsaye ban san illa na ba. Bayan sati ukku daɓe ya fara gari, kana shara siminti na tashi. Tayil ɗin da na ɗora daga baya ya ɓaɓɓako. Kuɗin da na tara don cika shago da kaya, da su na fasa na sake. Wanda ya yi aikin har yau in ya hango ni sai ya sake hanya.

Hajiya daga Gwiwa: Allah ya mayar da alheri. Ni dubu 4 aka sayar mini da buhun yankakken zare.

Ɗan Mabera: Hajiya an cuce ki, dubu ɗaya da rabi ne. Wani ma kyauta zai ba ki.

Injiniya: Abin da ya kashe daɓen mai shago ruwa ne. Zare yana sa kwaɓi ya yi tauri, lebura ya ƙara ruwa, ƙarfi ya tafi. Zaren roba na riƙe ƙananan tsagar da ke fitowa a awannin farko, lokacin da zafi ko iskar hunturu ke busar da saman kankare. Na kamfani tsawonsa milimita 12 zuwa 20 ne, ƙasa da kilo 1 ake sa wa a mita kubik. Ba ya ɗaukar nauyin da rodi ke ɗauka. Ledar fiya wata kuma santsi gare ta, ba ta kama siminti.

Tsohon birkila: Yaro, kakanninmu da ciyawa sunka kwaɓa ƙasa sunka yi soraye, ba su jira mita kubik ba. Shekara 30 ina wanga aiki.

Injiniya: Baba, da girmanka, laka daban siminti daban.

Ɗan Gidan Igwai: To a zuba har da shinkafar, ƙila daɓen ya ƙoshi ya daina buɗe baki.

Mai shago a Runjin Sambo: Ba abin dariya ba ne malam, ni na san abin da na rasa.

Injiniya: Mai tambaya, ka zuba da yamma, ka lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, ban ruwa kwana 7.

Hajiya daga Gwiwa: Kwana 7 da wane ruwan? Mu famfo ya fi wata bai zo ba, kurar 'yan garuwa kullum ƙara kuɗi take.

Ɗan Mabera: Shi ya sa masu bulo ba sa ba shi ruwa. Ranar nan aka sauke mini 200, kusan 30 a hannun yara suka farfashe. Buhu ɗaya har bulo nawa suke bugawa yanzu?

Tsohon birkila: Tambayi masu tifa tukuna, yashin da su ka kawowa rabinai ƙasa ta.