Wai da gaske ana ajiye wutar lantarki a cikin iska?

Mai_Tambaya:
Salam jama'a. Don Allah masana lantarki ku fahimtar da ni, wai kamfanonin wuta suna matse iska su ɓoye ta a ƙarƙashin ƙasa, sai an buƙaci wuta su sake ta? Abin ya ɗaure min kai wallahi, in har yana aiki me ya sa kowa maganar batir kawai yake yi?

Injiniya:
Wa alaikumus salam. Gaskiya ne kuma ya daɗe. Duk lokacin da wuta ta yi yawa babu masu sha, kamar tsakar dare ko da rana in sola na zubowa, sai a tada manyan kwamfiresa su cusa iska cikin kogo, yawanci kogon gishiri ne da aka fafe da ruwa can ƙasa, don gishiri ba ya barin iska ta zurare. In buƙata ta tashi a buɗe, iskar ta fito da ƙarfi ta juya injin, janareta ya ba da wuta. Jamus ce ta fara a Huntorf tun 1978, megawat 290, Amurka ta biyo baya a McIntosh ta jihar Alabama a 1991.

Dan_Fiziks:
Injiniya ka tsallake inda gizo ke saƙa, wato zafi. Ka taɓa famfon keke bayan ka gama ba taya iska, ai za ka ji ya yi zafi, to haka ne a nan, zafin ya tsere a banza, sannan in iskar za ta fito sanyi take yi sosai dole a ƙona gas a ɗumama ta. Shi ya sa ta Huntorf abin da take maidowa bai kai rabin abin da ta ci ba, batirin litiyam kuwa ya haura kashi 80 cikin 100.

Mai_Tambaya:
To ashe asara ce kenan?

Injiniya:
A'a ɗan'uwa, kar ka yi saurin yanke hukunci. Sababbin tashoshin suna kama zafin nan su adana shi daban, su maida wa iskar lokacin fitowa, ba ruwansu da gas. Sin ta buɗe irin wannan a Jintan a 2022, megawat 60, sai ta Yingcheng a lardin Hubei mai megawat 300. Kuma batir ƴan awoyi yake riƙewa, in kana son ƙari sai ka sayi wasu, ita kuwa ta McIntosh an gina ta ne ta iya ba da wuta awa 26 a jere. Ni abin da ya fi damuna shi ne kogon, ba ko'ina ake samun ƙasa mai gishirin da ya dace ba.