Ɗan ƙanwata na son shiga damben kuɗi, ku ba ni labarin Golovkin tun daga farko

Kawun Ɗan Dambe, Jekadafari, Gombe:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai ɗan ƙanwata da yake hannuna tun rasuwar mahaifinsa. Shekararsa 20, yana damben boksin, na safar hannu, ba namu na zare da kara ba. Nauyinsa tsakanin kilo 73 da 74, ajin matsakaita. Da an idar da sallar asuba yake fita gudu ta wajen filin wasa na Pantami, da rana yana taya ni a shagon walda, da yamma ya tafi wurin mai horar da su, inda suke layi a kan buhu guda da aka cika da yashi da tsummoki.

Wani mutum daga Legas ya ga bidiyonsa a Facebook, ya kira shi ya ce zai sa shi a damben kuɗi, turmi huɗu, zai biya kuɗin mota ya kuma ba shi na kashewa, amma sai ya sa hannu a takarda. Mai horar da shi ya ce ya dakata. Yaron ya ce ai Canelo, shahararren ɗan damben Meziko, yana shekara 15 ya fara damben kuɗi. Na ce masa to wannan Golovkin da hotonsa yake fuskar wayarka, shi yaushe ya fara? Sai ya yi shiru. Don Allah masu bibiyar dambe ku warware mini yadda mutumin nan ya taso. Amana ce a hannuna, ba na so in tauye shi, ba na kuma so in miƙa shi inda za a nakasa shi.

Tsohon Mai Horarwa, Wunti, Bauchi:

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya jiƙan mahaifinsa, ya saka maka da alheri. Ka yi wa yaron tambayar da ta dace.

An haifi Gennady Golovkin a 1982 a garin Karaganda na ƙasar Kazakistan, kuma bai taɓa damben kuɗi ba sai a 2006, yana da shekara 24. Kafin nan ya yi damben neman lamba, wato wanda ba na kuɗi ba, fiye da sau 300. A 2003 ya ci zinariya a gasar duniya a Bangkok, a hanya ya doke Andy Lee da Lucian Bute, waɗanda daga baya kowannensu ya riƙe kambun duniya. A Olimfik na Atina a 2004 ya kai wasan ƙarshe, Gaydarbekov na Rasha ya cinye shi, ya koma gida da azurfa. To ka ga ranar da ya fara karɓar kuɗi babu irin hannun da bai gani ba: bahago, dogo, mai gudu, mai rungume.

Abin da yara ba sa ganewa shi ne wasanni biyu ne daban. Damben neman lamba turmi uku ne, minti uku-uku, da zarar alƙali ya ga ka jigata zai tsayar. Ko an cinye ka yau, gobe za ka dawo ka gyara. A damben kuɗi safar ta fi ƙanƙanta, turmi yana tashi daga huɗu zuwa shida, takwas, har sha biyu, kuma duk faɗuwar da ka yi tana nan a rubuce tana bin ka har ka yi ritaya. Nauyin ma ba ɗaya ba ne. Ajin matsakaita a damben neman lamba kilo 75 ne, a na kuɗi fam 160, wato kilo 72 da rabi da 'yan kai, don haka ɗanka sai ya rage.

Su yaran bugun kwaf ɗaya kawai suke kallo, mutum 23 da Golovkin ya kashe a jere, wato ya gama da su kafin ƙarshen wasa. Ni kuwa ina so ka zaunar da shi ku kalli wasansa da David Lemieux na 2015 a New York. Lemieux mai nauyin hannu ne, amma Golovkin bai yi gaggawa ba. Hannun hagu kawai yake miƙawa, tsaf, a hanci, a hanci, yana taka ƙafa kaɗan-kaɗan yana toshe masa hanya, har alƙali ya raba su a turmi na takwas. Wannan hagun ba a koyon sa a wasan da ake biyan wani don ya kashe ka. A ƙananan gasa ake koyon sa, shekara da shekaru.

Sai dai ba zan ɓoye maka ba, jinkirin ya ci masa wani abu. Ya yi shekaru a Jamus manya suna kauce masa, bai taka Amurka da dambe ba sai 2012 yana shekara 30. Lokacin da ya samu Canelo a Satumban 2017 ya kai 35. Aka ce canjaras, alhali alƙaliya ɗaya ta ba Canelo maki 118 da 110, abin da har yau in na tuna raina yake ɓaci. A 2018 Canelo ya ci da ƙyar, a 2022 ya sake ci lokacin da Golovkin ya cika 40. Ya tashi da nasara 42, faɗuwa 2, canjaras 1, kuma ba a taɓa kai shi ƙasa ba.

Mai Shayin Tashar Dukku:

Baba Koci, ka yi bayani, amma Kazakistan ba Gombe ba ce. Can hukuma ce take ciyar da ɗan wasa ta kai shi gasa. Nan wa zai shirya wa yaro wasa 300? Mu duba namu na gida, Dick Tiger. Ya tafi Liverpool a 1955, wasanninsa huɗu na farko a Ingila duk aka cinye shi, bai karaya ba. A 1962 ya doke Gene Fullmer ya ɗauki kambun duniya na wannan ajin, a Agustan 1963 ya sake doke shi a filin Liberty na Ibadan a gaban 'yan ƙasarsa. A 1966 ya hau ajin da ke sama ya ƙwace kambun José Torres. A cikin damben kuɗin ya koyi sana'arsa. In yaro ya zauna jiran gasar da ba ta zuwa, ƙuruciyar ce za ta wuce.

Tsohon Mai Horarwa, Wunti, Bauchi:

Gaskiyarka ɗana, ba na cewa ya jira 300. Amma Dick Tiger shekararsa 33 lokacin da ya ci kambun, kuma a kan mutum ɗaya irinsa akwai da yawa da faɗuwa huɗun nan ta gama da su, ba wanda ya san sunansu. Mai shirya wasa da ya kira baƙon yaro daga nesa ya biya masa mota, sau da yawa abokin karawa yake nema wa nasa yaron, wanda zai daka ya ƙara lissafi. Na ga irin wannan da idona.

Hanyar gida tana nan. Lambar Olimfik ta farko da Najeriya ta samu ta dambe ce, tagullar Nojeem Maiyegun a Tokyo a 1964. Da aka yi bikin wasanni na ƙasa a nan Bauchi a 2000, a bakin igiya na wuni, na ga yadda masu zaɓen 'yan wasan ƙasa suke rubuta sunayen yara. Yaron ya nemi wakiltar jiharsa tukuna, ya yi shekara biyu ko uku yana haɗuwa da yaran Legas da Edo da Delta. In ya tsaya musu, masu takarda da kansu za su zo, da farashi mai kyau.

Ma'aikaciyar Jinya, Yelwa, Bauchi:

Yaya, ni ta fannin lafiya zan yi magana. Ko wanne ya zaɓa, a duba idonsa da hawan jininsa, a yi gwajin ciwon hanta, in da hali a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Kada ya rage nauyi ta hanyar ƙin shan ruwa a wannan zafin namu, jikin da ya bushe ba ya jure duka a ka. In kuma ya taɓa dawowa daga horo da ciwon kai, amai, ko yana maimaita magana, asibiti za a kai shi a daren, ba a jira safiya.

Kawun Ɗan Dambe, Jekadafari, Gombe:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Daren jiya mun kalli wasan Lemieux ɗin tare, shi da kansa ya riƙa mayar da shi baya yana kallon ƙafafun mutumin. Na kira na Legas na ce ya turo takardar mu kai wa lauya, ya faɗi sunan wanda za su kara da yawan wasanninsa, ya kuma tabbatar mana hukumar damben ƙwararru ta ƙasa ta san da wasan kuma akwai likita. Ya ce zai kira, har yanzu shiru. Hajiya, ranar Litinin in sha Allahu zan kai shi gwajin. Baba Koci, yaya ake shigar da sunan yaro cikin masu neman wakiltar jiha, ta wurin mai horar da shi ne ko mu je ofishin hukumar wasanni da kanmu?