Wa Ake Kira Cima-Zaune? Muhawarar Ma'aikatan Roka a Zauren 'Yan Maradi

Ɗan Bagalam:
Salamu alaikum jama'ar zaure. Yau raina a ɓace yake, ku bar ni in amayar da abin da ke cikina. Kwana uku ke nan ina zarya wani ofis saboda takarda guda da za a buga wa hatimi. Na ƙirga su, mutum goma sha ɗaya a ciki, wannan na dafa shayi, wancan na latsa waya, duk wanda ka tunkara sai ya ce mai sa hannu bai iso ba, ka dawo gobe. Jika biyu na kashe a kabu-kabu. Da na koma gida sai na ci karo da bidiyon rokar SpaceX, wani kamfanin Amurka, ta kai kaya sama ta dawo ta dira a tsaye kamar an kafa taɓarya. Kamfanin nan ma'aikatansa wajen 13,000 ne a 2023, amma a 2024 sau 134 ya harba rokar Falcon. Roscosmos, hukumar sararin samaniya ta Rasha, tana da mutum sama da 150,000, a shekarar harbinta bai kai 20 ba. Ni dai na gama yanke hukunci: duk inda ka ga ma'aikata sun yi yawa, cima-zaune ne suka taru.

Mushe mai ritaya:
Wa alaikumus salam. Yaro, maimaita kalmar nan in ji da kyau. Cima-zaune? Shekara 34 ina riƙe da alli, daga ƙauyukan Dakoro har Mayahi, wani ajin ma rumfar kara ce, in damina ta faɗi sai mu tashi. Albashi ya yi wata uku bai zo ba muna koyarwa. Ashe duk wannan zaman ci muke yi ba mu sani ba.

Ɗan Bagalam:
Haba Baba, ni ban ambaci malaman lakwal ba. Maganar roka nake.

Mushe mai ritaya:
Ka ce "duk inda". Duk inda ta haɗa da ni. In jifa ya wuce kanka ya faɗa kan kowa, to yau kaina ya faɗo.

Mai gyaran waya na Babbar Kasuwa:
Baba a yi haƙuri, amma wanda ya tsargu shi ya sani. Mu da in ba mu buɗe rumfa ba ba mu ci ba, mun san wa ke zaune. Ƙarshen wata ya yi ko an yi aiki ko ba a yi ba, kuɗi su faɗo. Wannan in ba cin zaune ba ne mi ne ne sunansa?

Hajiyar Zariya:
Kai ɗan nan, da bakinka kake faɗa wa wanda ya haife ka "wanda ya tsargu"? Karatun da kake duba lambar waya da shi, wa ya ba ka?

Injiniya:
Jama'a ku dakata, tun daga lissafin farko akwai gyara, kuma shi ne ya kamata mu tsaya a kai. Ƙanena Ɗan Bagalam ya ɗauko buhu biyu ya aza kan ma'auni alhali ba hatsi ɗaya ke ciki ba. Roscosmos ba kamfani guda ba ne, uwa ce da masana'antu da cibiyoyin bincike da dama a ƙarƙashinta, har da masu ƙera makamai masu linzami da masu kula da taurarin GLONASS na nuna hanya. Duk waɗannan ake tarawa a kai ga wancan adadi. Haka in ka ce Boeing na da ma'aikata wajen 170,000 a 2024, gaskiya ne, amma mafi yawansu jiragen fasinja da na soja suke ƙerawa, ba ruwansu da roka.

Sannan ku dubi NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka. Ma'aikatanta na dindindin sun daɗe a wajen 18,000 kafin 2025, wanda ya ga haka sai ya ce ai kaɗan ne. Amma NASA ba ta cika ƙera kayanta da hannunta ba, kwangila take bayarwa. Lokacin shirin Apollo da ya kai mutum duniyar wata a 1969, mutum wajen 400,000 suka sa hannu a aikin, yawancinsu a kamfanonin da aka ba kwangila da jami'o'i. Ita kanta SpaceX kwangilar NASA ce ta 2008, ta kai kaya tashar sararin samaniya, ta tsamo ta lokacin da kuɗinta suka kusa ƙarewa. To wa za ka ƙirga, wa za ka bari? Kamar a nan ne a tambaye ka malaman makaranta nawa ne, ka ƙirga masu lambar aiki ka bar 'yan kwantaragi.

Malama 'yar kwantaragi:
Yawwa, an zo wurin. Kullum mu ake bari a lissafi. Shekarata tara ina koyarwa a kwantaragi, aji ɗaya da mai lamba, ɗalibai ɗaya, alli ɗaya, amma ka dubi abin da ake ba mu. In akwai cima-zaune ba cikinmu suke ba. Baba Mushe ka faɗi gaskiya, a zamaninku wa ke riƙe ajin in mai lamba ya tahi gari karɓar albashi?

Mushe mai ritaya:
Ɗiyata, kada ki bari su raba mu. Wanda ya zage ni yau, ke zai zaga gobe.

Injiniya:
Malama misali kawai na kawo, ban ce a bar ku ba.

Malama 'yar kwantaragi:
Misalin ma ai daga bakin mai jin daɗi yake fitowa da sauƙi.

Ɗan Sahel:
Ni abin da ya ƙona mini rai shi ne raina Rasha da aka yi. Wa ya fara harba tauraron ɗan Adam a 1957? Wa ya fara kai mutum sama a 1961, ba Gagarin ba? Daga 2011 har 2020 Amurkawa ba su da abin hawa, kujera suke saye a kumbon Soyuz kamar mai shiga motar Zinder. Mutanen da suka ɗauke su shekara tara su ne yau cima-zaune? A Satumban 2024 a Bamako da su ƙasashenmu na AES, wato Nijar da Mali da Burkina Faso, suka zauna kan maganar taurari. Wanda ke son Bature ya fito ya faɗa, ya daina fakewa da lissafi.

Mai gyaran waya na Babbar Kasuwa:
Da wane intanet ka turo wannan? Ba a rumfata kake sayen tikitin wifi ba? Tun da Starlink, intanet ɗin taurarin SpaceX, ta shigo Nijar a 2025 ba ka sake kukan layi ba. Tauraron mutum 13,000 ɗin nan kake hawa kana zaginsu.

Ɗan Sahel:
Kuɗina na biya, ba sadaka ka ba ni ba. Kuma jiya da dare ya yanke sau biyu, ka ajiye mini canjina.

Alhajin Jibiya:
Ku 'yan uwa kuna faɗa kan rokar wasu. Mu a Najeriya tun 1999 muke da hukumar sararin samaniya, NASRDA, kuma a 2003 muka harba tauraron NigeriaSat-1. Starlink ɗin ma a Afirka mu ta fara zo wa, a farkon 2023.

Ɗan Sahel:
Alhaji "muka harba" ko aka harba muku? A Ingila aka ƙera shi, daga Rasha aka harba shi. Ka ga Rashar ta sake fitowa. NigComSat-1 kuma da Sin ta yi muku a 2007, kafin 2008 ta ƙare ya mutu a sama.

Alhajin Jibiya:
An maye shi da wani a 2011. Ku nuna mini naku ko da mataccen ne.

Hajiyar Zariya:
Alhaji bari, Katsina da Maradi ɗaki guda ne, kada roka ta shiga tsakani. Ni tambayata ga masu yabon kamfanin can: mutum kaɗan aiki mai yawa, a jikin wa yake fita? Kamfanin labarai na Reuters ya yi bincike a 2023, ya samu raunuka sama da 600 a wurin aiki cikin ma'aikatan SpaceX tun daga 2014. Waɗannan 'ya'yan wasu ne. Ni na ga yadda ɗan'uwana ya koma da aikin dare da rana a wurin wani mai kuɗi, mutum uku aka ɗora wa aikin goma, ana yabon maigidan da iya tattali. Jakin da ya fi ɗaukar kaya ba shi ya fi daɗewa ba.

Ɗan Bagalam:
Hajiya to gara a tara mutum goma sha ɗaya su hana ni hatimi?

Hajiyar Zariya:
Ban ce ba, ɗana. Amma kai ma aiki kake nema, ko ba takardar neman aiki ba ce? Ranar da suka ɗauke ka ka zama na sha biyu, mi za mu kira ka?

Injiniya:
Ko a kamfanonin kuɗi yawan mutum bai nuna yawan harbi. Blue Origin ta Jeff Bezos an kafa ta a 2000, ta girmi SpaceX da shekara biyu, ma'aikatanta sun haura 10,000, amma sai a Janairun 2025 babbar rokarta New Glenn ta fara tashi, wata guda bayan nan kuma ta sallami wajen kashi 10 cikin ɗari na mutanenta. Rocket Lab da ta taso daga New Zealand, da mutum wajen 2,000, ta riga ta kai taurari falaki tun 2018. Indiya kuma hukumar gwamnati ce, ISRO, ma'aikatan albashin wata ne, su suka sauke kumbon Chandrayaan-3 a duniyar wata ranar 23 ga Agustan 2023. Akwai mai karanta abin da nake rubutawa kuwa?

Mushe mai ritaya:
Na karanta na ƙarshen. Ma'aikatan gwamnati sun sauke kumbo a wata. Yaro ya janye kalmarsa.

Mai gyaran waya na Babbar Kasuwa:
Na Indiya, Baba. Ba na ofishin da ya je ba.

Malama 'yar kwantaragi:
Su ma a bincika, ƙila 'yan kwantaragi ne suka yi aikin aka ba masu lamba yabo.

Shugaban zaure:
To jama'a, an kira magariba, zan rufe wannan magana. Ga abin da aka tsayar. Na ɗaya, zaure ya yarda kalmar cima-zaune ba ta dace da ma'aikacin gwamnati ba, kuma ni da nake fita ofis tun bakwai da rabi na safe shaida ne. Na biyu, Injiniya ya tabbatar mana da hujja cewa hukumomin gwamnati su ke riƙe da harkar sama, kamfanin da ake ta yabo ma da kuɗin gwamnati ya tashi. Na uku, Hajiya ta nuna ƙarancin ma'aikata zalunci ne. Maganar kwantaragi da ta Najeriya ba su cikin batu, na share su. Ɗan Bagalam zai ba Baba Mushe haƙuri a nan cikin zaure.

Injiniya:
Shugaba ban faɗi haka ba. Cewa na yi alƙaluman ba su auna abu ɗaya.

Malama 'yar kwantaragi:
An sake barin mu a lissafi.

Ɗan Bagalam:
Baba Mushe ka yafe ni, don girmanka, ba don na canza ra'ayi ba. Shugaba, tunda bakwai da rabi kake fita, gobe bakwai da kwata ina ƙofar gidanka da takardar, mu tafi tare ka nuna mini mai sa hannun.